Hannun da Aka Bar wa Ikilima

Ana ta yawo da magana a unguwarmu wai Ikilima ta taɓu. Ni Naja'atu katanga ɗaya ta raba mu, kuma benci ɗaya muka zauna a sakandaren 'yan mata, saboda haka za ni faɗi abin da na sani, wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Ikilima haihuwar Gangara ce, aure ya kawo ta Sabon Birni. Tun muna makaranta hannunta daban yake. Idan malama za ta koyar da zuciyar ɗan Adam ko taswirar Nijeriya, ita ake kira ta zana a allo, kuma ajin da zai shigo bayanmu ba ya yarda a goge. Da aka yi aure ta ɗan taɓa zanen hula, mata na kai mata tana fitar musu da fure suna bi da allura. Daga baya haihuwa da daka da sayar da ƙuliƙuli suka cinye wannan. Fiye da shekara ashirin ba ta riƙe fensir ba. Ba wanda ya ce ta taɓu a lokacin, don tana yi wa kowa bauta.

Bara waccan, bayan rasuwar maigidanta, hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu. Ta tashi ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa suna magana a kanta kamar ba ta wurin. Wata rana da hantsi na shiga na same ta a tsakar gida, ta tsinci tsinken tsintsiya da hagu tana jan layi a ƙasa. Na ce, “Mi ke nan, kabewa?” Ta harare ni, da ƙyar ta ce, “Tulu.” Muka yi dariya har ta ƙware. Rabona da jin dariyarta tun kafin takaba.

Ana nan sai yayanta Na'Allah, mai fataucin albasa zuwa Kudu, ya bugo waya. Ɗiyarta Fatsuma, wadda ta baro ɗakin mijinta ta zo jinya, ita ta kara mata wayar a kunne. Ya ce ta faɗi abin da take so ya aiko. Ta ce kayan zane. To mai lafiyar baki ma sai ya ja kalmar ake raba zanen hannu da zanen ɗaurawa, balle ita. Bayan kasuwa biyu sai ga turmin atamfa mai tsada, shuɗiya da ruwan zinariya. Fatsuma na murna, uwar ta dube shi ta kau da kai.

Ba ta jira kowa ba. Ta aike ni wurin mai tsiren bakin tasha na roƙo mata takardar siminti, irin ta ciki mai tsabta, na biya kanti na sayo fensir. Muka kakkaɓe, na goge da dutsen guga, ta danne da gwiwa ta yanka da reza. Kwalin taliya ya zama bangon littafi. Ta jiƙa ƙaro a gwangwani don manna, ta huda da basilla, tana jan zaren da haƙori. Da aka zo rufe bangon, sai ta jawo atamfar nan ta sa mata reza.

Fatsuma ta ɗora hannu a ka. “Inna! Sabuwa ce fa, ko ruwa ba ta gani ba!”

“Tawa ce,” in ji Ikilima.

Daga ranar, kullum bayan ta karya, shafi ɗaya. Ba ta zana mutum ko dabba, ta ce ba ta son gardama da malamai. Turmi, buta, rumbun maƙwabta da ke leƙowa ta kan katanga, zangarniyar gero, takalmin da wani ya bari a ƙofa. Na farkon duk a karkace suke kamar iska ta bi ta kansu. Ranar da jiki ya ƙi, ko layi uku ne sai ta ja kafin ta kwanta. Littafi ya cika, ta ɗinka wani, ta ƙara yankar atamfa.

Nan fa bakin mutane ya buɗe. Tsohuwa da jikoki tana wasan yara. Ta yayyanka zane sabo. Abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne hagun. Wai hannun tsarki ne, wai da shi Shaiɗan ke aiki, wai ƙila iskar da ta buge ta ce ke jan hannun. Matan da ke faɗin haka, da yawansu hular angwancin mazansu Ikilima ta zana. Fatsuma kunya ta ishe ta, ta ɓoye reza da basilla, ta kira kawunta.

Ranar wata Asabar Na'Allah ya iso da motar haya. Ya yanke shawara tun a hanya: zai tafi da ita gidansa a Turba, akwai mai magani a can, a raba ta da takardun, a bar hannun ya huta. Na san ma'anar wannan. Ɗaki za a ba ta da tabarma, a riƙa turo mata tuwo har ranar da Allah zai karɓi abinsa.

Na ce, “Alhaji, jinya ce ko ɗauri?”

Ya ce, “Naja'atu, da ke aka haife mu? Ke ce ma mai zuga ta.”

“Ni na aiko da atamfa wurin mai biɗar fensir?”

Bai gane ba. Ya ɗauki littafi guda yana kaɗa shi. “Mai hankali zai yi wa zane haka? Ita ta ce in aiko, da kunnena na ji!”

Ikilima ta buga fensir a bakin tire har muka yi shiru. Ta ɗauki lokaci tana haɗa maganar, gumi na tsattsafo mata a goshi, ba wanda ya taya ta.

“Yaya. Zaaane na ce. Kai ka ji naka.”

Direba da ke tsaye a zaure ya fashe da dariya. Na'Allah ya daure fuska ya ce ko ma mi ta ce, aiki da hagu ba tarbiyyar gidansu ba ce.

Ta kama hannun damanta da na hagu, ta ɗaga shi, ta sake shi ya faɗi a cinyarta kamar tsumma.

“Wanda ya karɓi wanga, shi ya bar mini wanga. Kai masa ƙara. Ba ni zuwa Turba.”

Alhaji mutum ne mai gardama, amma bai kai ya yi da Ubangiji ba. Ya zauna bakin rijiya ya daɗe yana juya littafin, ya ce mun haɗa masa baki, ya shiga mota shi kaɗai. Har yau ba ya amsa gaisuwata, kuma ban rame ba. Kafin la'asar Fatsuma ta fito da reza da basilla daga cikin tukunyar daddawa ta ajiye gaban uwarta.

Ikilima tana ɗakinta. Watan nan keken ɗinkin Fatsuma ta sa a gaba, kuma kan keken ya fito, amma ƙafar nan mai juyawa ta ƙi zama da'ira, kullum sai ta fito kamar ƙwai. Jiya na ce ta kifa murfin kwano ta zagaye mana ta huta. Ta ce in murfin kwano ne zai yi, to murfin kwano ya yi zane, ba ita ba. Ta lashi yatsa ta buɗe sabon shafi.