Ranar da Rimot Ya Ƙi Kulle Motata

Shekara biyu bayan sojoji sun koma bariki na sayi motata ta farko. Lokacin ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata, an kuma ɗan gyara mana albashi. Tsohuwa ce aka kawo daga Kwatano, amma tana da rimot, abin da ba kowa ke da shi ba a unguwarmu ta Ƙofar Kaura. In na danna, sai ta yi ƙyas, fitilu su ƙifta sau biyu. Mahaifina bai so in yi tuƙi ba. Bai hana ba, amma wata uku bai shiga motar ba.

Ranar da ya fara shiga, gaisuwar rasuwa za mu Ƙofar Sauri. Shi a gaba, yayana a baya, buhun gero da tabarmi a cikin but ɗin motar. Muka isa, aka sauke kayan da za a shiga da su, na danna rimot. Ƙofofi suka yi ƙyas, nan take suka sake buɗewa. Na ƙara dannawa, haka dai.

Maza na zaune a ƙofar gidan, duk ido ya dawo kanmu. Yayana ya karɓe makullin daga hannuna.

"Batir ne," in ji shi. Ya bubbuga rimot ɗin a tafin hannu, ya ɗaga shi sama, ya danna. Ta kulle, ta buɗe.

Wani dattijo ya ce motocin Turai ba su jure zafin Katsina. Wani ya ce a kira mai gyaran wayar mota.

"Yaya, in batir ya mutu, ai ko motsi ba za ta yi ba," na ce. "Tana jin ka. Ƙi take."

"To mi zai sa ta ƙi?"

Ban sani ba tukuna, amma ban ruɗe ba. Abin da nake gaya wa ɗalibaina kullum shi ne a fara da abin da ke gaban ido. Na leƙa ta gilashi, sai na ga fitilar rufin motar a kunne, da rana tsaka. Ba ta kama sai in akwai ƙofa a buɗe. Na bi ƙofofin huɗu ɗaya bayan ɗaya, na buɗe, na rufe da ƙarfi. Fitila na nan. Saura but. Da na ɗaga murfin, ga bakin wata tabarma da muka bari ya shiga cikin maƙalar. Na janye ta, na rufe. Fitila ta mutu.

Yayana na riƙe da makullin har yanzu, yana shirin dannawa. Baba ya gyara rawaninsa.

"Ba ta abinta," ya ce.

Na danna. Ƙyas, fitilu sau biyu, shiru. Baba ya ja hannun ƙofarsa don ya tabbatar, sannan ya wuce wurin maza, ni kuma na shiga cikin gida.

A hanyar dawowa ya tambaye ni ko ina da aji ranar Laraba da safe, yana son zuwa duba ƙanwarsa a Gobarau. Na ce sai ƙarfe sha ɗaya. Ya ce to, takwas ta yi.