Umaru Sau-Ɗaya da takardata

Karan dawa yas sauka bisa bayan hannuna tun ban kai ga dannawa ta biyu ba.

"Sau ɗaya, Hajo. Ta ji. Ba kurma ba ce."

Nic ce ma Umaru in kwamfutar ta ji, mi yah hana ta amsawa? Yac ce takardar layi take bi, kuma ko layin ya zo ba za ta fito ba, don yanzu zai goge ta. Ina tsaye ina kallo, da butar alwala a hannunai, yas sa yatsa guda yag goge takardata daga layin. Ni da nil lallaɓo tun daga bakin ƙofa, nib bar ƙosai cikin mai, nij jira sai da yat tafi salla.

Ku da kunka yi aiki da shi kun san karan nan, wasunku har yau bayan hannunku na tuna shi. Wanda bai sani ba, Umaru taubashina ne, uwata da ubanai ciki ɗaya. Da gyaran tafireta yaf fara a kasuwar Jega, zamani yaj juya, shi ma yaj juya, har yaz zama shi ke kula da kwamfutoci da firintocin kamfanin nan mai sayen hatsi da albasa. Babban ofis nan Jega, reshe guda Aliero, guda Maiyama. Ni kuwa ƙosai nike toyawa bakin ƙofar ofishin tun ba a sa mashi fenti ba.

Akwai wata baƙar kwamfuta a ƙuryar ɗakinai, ba mai zama gabanta sai shi. Ma'aikata na ce mata saba, shi Magajiya shike ce mata. Duk wanda yad danna a buga mashi takarda, ko Jega shike ko Aliero ko Maiyama, sai saƙon ya biya ta wurin Magajiya, ita ta jera su layi, ta miƙa ma firintar da anka zaɓa. In ka danna ba ka ga komi ba, ka sake, ka sake, to duk tana riƙe da su, ranar da hanya ta buɗe duk za su zubo. Wannan shi ne abin da Umaru yaƙ ƙi jini duniya. Har manaja ya sha kara. Da manajan yay yi fushi, Umaru yac ce ba shi yad doka ba, hannun yad doka.

To takardata. Na shiga makarantar manya da furfura cike da kaina, na sha dariyar unguwa, na gama. Ranar rabon shaida anka ce babu tawada, sai dai malamarmu ta tura ma kowa tashi ta waya, shi je shi buga. Wayata irin mai tocila ce, sai nic ce a tura ma Umaru. Kuskurena ke nan. Bayan nan anka sauya ma malamar wurin aiki, lambarta tad daina shiga. Takardar shaidata kaf duniya wuri guda take, cikin kwamfutar taubashina.

Kulu maƙwabciyata, wadda munka gama tare, ɗanta yab buga mata tata a shago tun makon farko, tas sa a gilashi, tar rataya inda duk mai shiga gidan sai ya gani. Da an taru suna ko biki sai ta ce, a hankali awa mai tausayi, ai ba kowa ke ci ba, Hajo ta dai yi ƙoƙari. Nic ce ma Umaru shi ba ni abina in kai shago. Yac ce shi da ke riƙe da firintocin gari uku, jininai za ta kai takarda shago? Shi zai buga ta, mai kala, bisa takarda mai kauri, wadda Kulu in ta gani sai ta sauke tata.

Nic ce yaushe?

Yac ce, "Kina layi."

Ku tuna sunayen da yas sa ma firintocin. Ko'ina lamba ake sa masu, ko a rubuta garin da suke. Umaru sunayen matan danginmu yas sa, kowace da halinta. Ta Maiyama mai nawa, Inna Tumba, don marigayiyar in tat tashi ɗibar ruwa sai an manta da an aike ta. Ta ɗakin ma'aji mai ƙara, Gwaggo Asabe. Mai kala guda ɗaya tak, tana Aliero, Amarya, kuma kullum a dakace take cikin Magajiya, don kar wani shi buga hoton biki da ita. Akwai wata tsohuwa bakin taga, nan Jega, tana cin takarda ta tauna ta tofo, tana gunaguni ko ba a taɓa ta ba. Da nif fara haɗa baƙi, kalma ta farko da nik karanta cikin ofishin nan da kaina ita ce wadda ke manne a goshinta. Hajo.

Nit tambaye shi dalili. Yac ce ai girmamawa ce, ita ce ba ta taɓa mutuwa ba, sai dai ta dami mutane.

Sunayen nan ba abin da ba su jawo ba. Sabon akawu in yaz zo, ina zai san Inna Tumba Maiyama take? Wata rana manoma sunka zo tun daga Kashin Zama karɓar takardun taki, akawun yad danna, shiru. Suna zaune ƙarƙashin darbejiya suna cin ƙosaina, takardunsu na can na fita Maiyama. Kowa yac ce a sake bugawa nan, abin minti guda. Umaru yac ce takarda ta riga ta fita, ba za a kashe wata ba. Yah hau babur, yat tafi Maiyama, yad dawo bayan la'asar da falle uku cikin aljihun gaba, hula ta karkace. Nic ce Umaru, man da kaƙ ƙona ai ya sayi takarda dami guda. Yac ce man nashi ne, takarda ta mutane ce. Manoman kuwa tuni sunka gaji sunka koma gida, sai da yab bi su da ita washegari.

Anka ce to ko dai shi sauya sunayen? Yac ce shi ba ya sauya ma mamaci suna. Iyakar abin da yay yi, yaƙ ƙara a gaba: Inna Tumba ta Maiyama. Inna Tumba ko, Allah shi jiƙan ta, ba ta taɓa taka Maiyama ba.

Da damina kuma ni ke shan wahala. Takarda in tas sha sanyi sai ta manne, firinta ta ja biyu uku ta shaƙe. Umaru sai shi kwaso ta shi jera bisa bencina kusa ga murhu, wai ta sha ɗumi. Masu saye su rasa wurin zama. In nim matsar da ita shi ce na taɓa kayan ofis da hannun mai. Damina guda cur duk takardar da taf fita kamfanin nan ƙamshin ƙosai take. Wani dillali daga Mungadi yac ce mani shi ko bai iya karatu ba, da hanci shike gane takardar Jega ta gaskiya ce. Nig gaya ma Umaru don shi ji kunya. Yaj ji daɗi. Yac ce to ga hatimi kyauta.

Duk wannan, takardata na nan. In na tambaya, yau tawadar Amarya ta yi ƙasa, ja ɗin zai fito awa ruwan goro. Gobe takarda mai kauri ba ta iso daga Birnin Kebbi ba. Jibi kwamfutoci sun sabunta kansu sun manta da firintocin, sai ya bi su ɗaya ɗaya ya sake gabatar da su. Wannan na gani da idona, shina zagaya teburori shina faɗa da su awa mai sasanta dangi. Da anka gama wannan, wuta taɗ ɗauke tad dawo, Amarya tas sauya adireshi, Magajiya na aika saƙo tsohon gida. Nic ce ita firintar tashi tay yi? Yac ce tana nan inda take, lambar gidan ce tas sauya. Nic ce wannan ƙarya ko a makarantar manya ba a koya mana irinta ba. Daga baya anka ce mani wai gaskiya ne, ana haka. Ban ji daɗin jin hakan ba.

Sau guda na yi fushi na gaske. An yi suna gidan Kulu, tas sa jikarta ta karanto takardarta gaban mata, sannan taj juyo tac ce ko in karanta masu tawa da ka. Da safe ban hura wuta ba. Nis shiga ɗakinai nic ce Umaru, na haura sittin, kai ka girme ni, cikinmu wa kake jira shi mutu? Yad dube ni ta saman tabarau. Yac ce abu mai kyau ake bugawa sau ɗaya, in anka buga shi da tawada rabi, haka zai zauna bango har abada. Nic ce bangon nawa ne. Yac ce firintar tashi ce. Niɗ ɗauke karan daga teburinai nik karya shi biyu. Ko gezau. Yaj ja aljihun tebur yaf fiddo wani. Ashe dami gare shi.

Ba mu yi magana ba kusan wata guda. Shina aiko a sayo ƙosai, ina zuba mashi ƙonannu. Bai taɓa maidowa ba.

Cikin wannan ne ciwo yaf fara cin shi. Ƙafa ta kumbura, babur ya gagara. Ranar da yaz zo ofis ta ƙarshe, an kwana ana ruwa da tsawa. Yaw wuce ni shina dogara bango, da wani ƙunshi cikin leda a hammata. Na ga ya ba direban motar Aliero ƙunshin. Yad daɗe cikin ɗaki. Da yaf fito yat tsaya gaban kaskona, yac ce, "Hajo, Aliero ba ta amsawa." Nic ce ai ta ji, ba kurma ba ce. Yay yi 'yar dariya, yat tafi gida. Bayan kwanaki anka kai shi asibiti, daga can sai gawa.

Ashe tsawar nan ta ƙone akwatin da ke haɗa ofishin Aliero da Magajiya. Aliero sunka koma rubutun hannu, ba wanda yak kula da Amarya, da ma ba a saba ganin ta tana aiki ba. Sai bayan sadakar arba'in kamfani yaɗ ɗauko Hindatu, wata 'yar Aliero da tak karanci abin a makaranta, mai hankali, ba ta dukan kowa. Tas sauya akwatin. Ita ke ba ni labari, wai tana maida waya ke nan sai taj ji Amarya ta yi tari ta fara ja. Takarda mai kauri ce cikinta, an riga an jera, ashe ita ce cikin ƙunshin nan da Umaru yab ba direba. Ta farko taf fito. Ta biyu. Tana ta zubowa har ƙasa, sai da takardar taƙ ƙare, fitila na ƙiftawa tana neman ƙari.

Taz zo Jega da su cikin leda, tat tambayi wace ce Hajara Abdu. Nig goge hannuna da zane, nik karɓa. Kore da ja da ruwan zinariya, sunana a tsakiya da manyan baƙi. Nik karanta da kaina, ba wanda yat taya ni. Nid duba ta ƙasa, ita ce. Ta ƙasanta, ita ce. Ban ƙirga ba, amma sun ishi kowane gida a layinmu.

Nic ce ke ɗiyata, lalacewa tay yi?

Tac ce a'a Inna, zo ki gani. Tak kai ni ƙuryar ɗakin, gaban Magajiya, tan nuna mani sauran layin da bai fita ba. Sunan Umaru ne tun daga sama har ƙasa, duk ranar nan ta ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya. Ya danna ma Amarya, ba ta amsa ba, ya sake. Ya sake. Karan na nan bisa tebur inda yab bar shi.

Niz zauna bisa kujeratai. Mutumin da yad doki hannun manaja. Nic ce kai Umaru, kai Umaru, ashe kai ma ka iya. Hindatu tac ce ko ta goge sauran? Nic ce ta bar su tukuna.

Na kai ma Kulu guda, nic ce ta riƙe, ina da wasu. Guda na bango. Sauran na cikin akwati ƙarƙashin zannuwana, ba ni ba kowa, takarda ta mutane ce.

Allah ka jiƙan Umaru ɗan kawuna. Ya ɓata mani rai ya fi a ƙirga, na yafe, kai ma ka yafe mashi. Ka sanyaya makwancinai, ka haskaka kabarinai. Ranar da kowa zai tsaya jiran tashi takarda, ka miƙa mashi tashi a hannun dama, kar ka bar shi layi.