Sandar da Ta Ƙi Shiga

Jiya ina wucewa ta gaban wani mai gyaran babur a Gumel, sai warin baƙin mai da kananzir ya daki hancina. Na tsaya cak kamar wadda aka kira. Haka zauren gidanmu ya yi ta wari, rani guda cur, a shekarar da Baba ya dawo daga Chadi.

Ƙauyenmu yana kusa da Gagarawa, inda ko rafi babu, amma Baba mutumin ruwa ne. Tun kafin a haife ni yake tuƙa kwale-kwale mai inji a tafkin Chadi, yana dakon kanwa da bandar kifi. Sau ɗaya muke ganinsa a shekara, ya yi mana wata guda ya koma. Da fari ya tsananta a farkon shekarun saba'in, ruwa ya janye, jirginsa ya kafe a taɓo. Ya bar katakon a can, ya kwance injin, ya naɗe a buhu, ya taho gida. Ina da shekara tara. A lokacin na fara sanin daɗin tashi da safe ka ji gyaran muryar ubanka a tsakar gida.

Injin tsoho ne, fentinsa duk ya koɗe. Baba ya kafa gungume a zaure ya rataye shi. Abu ɗaya ne ya lalace: doguwar sandar ƙarfe da ke sauka daga kan injin ta juya farfela. Ta lanƙwashe ranar da jirgin ya daki ƙasa. Baba ya ce da zarar ya sami wata, zai bi ruwan can inda ya koma, ya haɗa hannu da wani mai jirgi.

Ya samo wata a kasuwar Maigatari, wajen wani Badamagare mai tsofaffin ƙarafa. Akuyar Inna ce ta tafi a kanta. Tsawo daidai, kauri daidai. Amma da ya zura ta sai ta cije, saura faɗin yatsa biyu ƙasan injin ya haɗu da samansa.

Ka san kan irin wannan sanda haƙora gare shi, akwai kuma ramin da za su zauna a ciki. Baba ya fara zargin tsatsa. Ya wanke ramin da kananzir, ya yi ta sakacewa da tsinke. Ta ƙi. Ya ce ƙila haƙoran ba su fuskanci juna ba, ya riƙa juya farfela a hankali yana turawa. Ta ƙi. Ya shafa mata baƙin tukunya, ya zura ya zaro don ya ga inda take gogawa, sai ga kowane haƙori ya goge. Daga nan ya kai wa wani bakanike mai gyaran manyan motoci a Gumel. Mutumin ya duba, ya ce yawan haƙoran ɗaya ne, amma na sabuwar sun fi kauri, ƙirar wani kamfani ce daban.

"Malam, a haƙura da wannan," in ji shi. "A nemo tasa ta asali."

A ina? Baba ya wuce da ita maƙera, wajen abokinsa na ƙuruciya. Kwana huɗu suna bin haƙoran da magagari, a goga a gwada. Ni kuwa duk lokacin da na leƙa na ga ratar nan tana raguwa, sai gabana ya faɗi. In na idar da salla roƙona ɗaya ne: Allah ya hana ta shiga. Ban gaya wa kowa ba.

A rana ta biyar ta shige, ƙwas. Baba ya yi dariyar da ban taɓa ji ba.

Saura gwaji. Irin wannan inji ba a tayar da shi a bushe, sai ƙasansa yana cikin ruwa. Baba ya aro duro. A lokacin rijiyarmu sai an jira ta tsatso, shanun Fulani suna durƙushewa a bakinta. Kaka, mahaifiyarsa, ta dogara sandarta har zaure.

"Kai, ɗan nan, mutane na ƙishi, kai ƙarfe za ka shayar?"

Baba ya sunkuyar da kai. Inna ta ɗauki tulu. Kwana uku muna zarya, ni da ita, muna rage na wanka da na wanki, kafin duron ya cika.

Da hantsi ya fizgi igiya. A karo na uku injin ya tashi da ruri, hayaƙi ya turnuƙe, ruwa ya kama tafasa a cikin duro. Gari ya taru, yara na ihu. Baba ya ƙara wuta. Sai muka ji wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Injin na kururuwa, ruwan kuwa ya kwanta lumus.

Da ya zaro sandar, haƙoran da aka goge sun zube, sun kuma cinye ramin da a da lafiyarsa ƙalau. Ruwan ya yi baƙi da mai, ko jaki ya ƙi sha. A bayan danga aka tuttular da shi.

Ni murna na yi. Na gudu bayan rumbu na yi tsalle.

Baba ya zauna da mu. Ya riƙe fartanya kamar kayan aro, ya daina ba mu labarin dorina da tsibirai. Ya rame, magana ta yi masa wuya. Damina uku ya yi, ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

Yau jikana ya ce da ni, in ƙarfe ya gagara, hotonsa kawai ake ɗauka a waya, kafin mako a aiko da irinsa daga Kano. Ɗan abin da Baba ya rasa ke nan.

Shekaru na yi ina ɗauke da roƙon nan a ƙirjina. Sai da Inna ta tsufa, wata rana ina taje mata kai, na gaya mata. Sai ta kamo hannuna ta riƙe, ba ta waiwayo ba.

"Ashe ke ma," ta ce.