Kalangun Kawu

A shekarar korona, da aka hana taro, babu wanda ya kai ni baki a rumfar mahauta ta Wudil. Gidanmu gidan dambe ne, ga shi an yi wata uku ba a ɗaure hannu ba. Samarinmu sai zagaye suke kamar awaki a turke.

Akwai wani malamin jami'a, Kirista, da ke sayen nama wurin yayana. Shi ya ba mu labarin gardamar da ake yi a Turai. Wasu na cewa a bar cutar ta zaga, in yawancin mutane sun kamu sun warke, sai ta rasa wurin sauka. Ya ƙara da cewa, "Amma kafin a kai nan, tsofaffi za a yi ta binnewa." Na ɗauki rabin farko na sa a aljihu, na bar masa sauran.

Na ce, "To ai shi ke nan! 'Yan dambe ƙarti ne. Su kamu su warke, tsofaffi su zauna a gida."

Yayana ya ce, "Kai dai bakinka ya fi wuƙata kaifi. Wa zai yi kiɗa?"

Dambe ba ya yiwuwa sai da kalangu, kuma mutum ɗaya ne ya san taken kowane ɗan dambenmu: kawuna, tsoho mai ciwon asma. Ni na je har gida na lallashe shi.

"Kawu, a fili ne, iska na kaɗawa. Can nesa za ka zauna."

Ya yi dariya. "Ɗan nan, ina ka taɓa ganin makaɗi a nesa?" Amma ya rataya kalangunsa, na goya shi a babur.

A wata saurar gona muka yi damben, wajen Achika, inda jami'an tsaro ba sa leƙawa. Abin da na tashi ina gani tun ina yaro, shi na manta. Da an kaɗa wa ɗan dambe takensa sai ya tsuma, ya rugo ya durƙusa gaban makaɗi, ya yi masa kirari da ƙarfi a fuska. Haka suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ina kallon Kawu yana share fuska da hannun riga, yana murmushi.

Bayan mako guda, uku daga cikinsu suka yi mura, suka daina jin ƙanshi, suka miƙe. Kawu ya kwanta da zazzaɓi, numfashi ya gagara. Har ya cika ba a yi masa gwajin korona ba. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, amma ni na san wanda ya tuƙa babur ɗin.

Malamin ya zo ta'aziyya da takunkumi, ya tsaya daga nesa, bai tuna mini komai ba. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Maganata ta fito, ƙartin sun kamu sun warke. Su ukun nan ne suka ɗauki makarar Kawu.