Matar Ɗana a Cikin Rumbu

Ranar da anka zuba hatsin fako cikin rumbu, mu bakwai ne a bayan gida. Akwai ni. Akwai ƙanen maigidana, Allah ya jiƙan maigidan, da samarinsa biyu da sunka kawo dammai a amalanken jaki. Akwai maƙwabciyata, wadda munka yi ɗaukar duwatsu tare zamanin furoje, aikin gyaran ƙasa da anka yi a tudun Keita. Ita kallo da surutu sunka kawo ta. Sai matar ɗana da ɗiyarta goye a baya. Ɗan nawa ba shi nan. Shekararsa uku ke nan wurin biɗa, an ce Libiya, kuma damina biyu ta wuce wayar salularsa ba ta shiga.

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, wannan ma faɗi nike ana rubutawa, amma ina da ido. Tun kafin a yanke hatsi na san matar ɗan nan nawa tafiya za ta yi. Uwarta ta aiko daga wajen Tabotaki cewa da an kai hatsi gida ta komo. Ba wanda ya gaya mini. Na dai ga ta wanke zannuwanta duka rana ɗaya, ta ninke, ta ƙulle. Ban ga laifin uwar ba, ni ma da ɗiyata ce haka zan yi. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda yarinyar ta ɗauki kanta. In an raba tuwo sai ta kankari ƙanzo ta koma bayan turmi. Wata rana na ji tana ce ma maƙwabciyata, ita mi take a gidan nan in ba ƙarin baki ba, tunda mai ita ma ya manta da ita. Na ji, na wuce, ban tanka ba. Haka anka rene ni, haka kuma na tsufa: in abu ya yi daidai sai in yi shiru, in ya karkace ne ake jin muryata.

Gonar da ta rage mana fako ce, ƙasa ja mai tauri, ko akuya ba ta tsayawa kanta. Bayana ya riga ya ƙare tun ɗaukar duwatsu, don haka da rani ya yi na miƙa mata dagi da galma, na ce ta je ta haƙa tassa, wato ramukan da ake zuba taki a ciki su tare ruwa in damina ta sauka. Na haƙa guda ɗaya ta gani, na komo gida. Kwana uku tana fita tun da asuba. Ran na huɗu na bi ta.

Ɗiyar masu albasa ce, fadama ta sani da rijiya. Sai na iske ta kewaye kowane rami da ƙasa zagaye, ta daddaɓe shi sumul, awa fangalin albasa. Aiki mai kyawun gani, ba ko ɗaya da ruwa zai iya shiga. A fako ruwa gudu yake yi daga tudu; ƙasar da ka tono gefen gangare kaɗai ake tara ta, a bar bakin tudu buɗe.

Na sa ƙafa na rushe na farko. Na ce, "Ta ina ruwan zai shiga? Ko jira kike a zo da gwangwani a zuba miki?"

Ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna."

"Ba haƙuri na biɗa ba. Ki sake su."

Ta sake su duka, hannuwanta sun yi kanta sun fashe. Ta yi ta jidar taki a ka daga garken maƙwabta. Damina ta zo, ba ta ma yi wani yawa ba, amma fakon nan ya yi hatsi har mutane na ratsowa daga hanya su duba. Ni kuwa ko sannu ban ce mata ba. Ina ganin ai hatsin ya faɗa mata, ashe ba ta ji ba.

A wurinmu mace ba ta leƙa rumbu. Namiji ke hawa tsani, ya ɗaga murfin ciyawa, ya shiga ya jera, shi ke fiddo dami in an bukata. Na yi fiye da shekara arba'in da maigidana ban taɓa ganin cikin rumbunsa ba, ban kuma taɓa jin haushin hakan ba. To ranar nan ƙanen maigidana ya dafa dammai ya ce, "Ma sha Allah, hatsin ɗanmu ya yi albarka bana." Ya ce ma babban yaronsa ya hau. Na dubi matar ɗana, ta sunkuyar da kai, tana ja da baya wajen danga kamar baƙuwa.

Na riƙe tsanin. Na ce, "Wadda ta haƙa ita za ta shiga."

Ya yi dariya, don tsakanina da shi akwai wasa tun ina amarya. "Matata, tsufa ya fara taɓa ki? Mace cikin rumbu?"

"Ragon miji, mace cikin fako fa? Sa'ad da take fasa shi da dagi kana ina? Kana gindin iccen bedi kana shan shayi."

"Mi mutane za su ce?"

Maƙwabciyata ta ce, "Mutanen ai ga mu. Ni dai na ce ta hau, ta gano mana abin da kuke ɓoyo shekara da shekaru."

Ya juya hularsa, ya dubi yaransa, su kuma suna ƙunshe dariya. Ba mugun mutum ba ne, bai dai taɓa gani ba. Ya ce, "To in rumbun ya tsage ba ruwana."

Matar ɗana ta ce, "Inna, don Allah a bari."

Na ce, "Kawo goyon. Ɗaure zanenki ki hau."

Ta hau, ta ɓace ciki. Can sai munka ji muryarta tana amo awa daga rijiya: "Inna, yaya ake jerawa?"

"Ni na sani? Tambayi ragon mijin nan nawa."

Haka ya tsaya a gindin tsani shina gunaguni shina koya mata, kawunan zangarniya su dubi ciki, ta taka ta danne, kada ta bar kafa ga ɓera. Kafin la'asar shi ne ke cewa, "Yawwa, ɗiyata, haka."

Da ta sauko, ƙaiƙayi har cikin girarta, na miƙa mata ɗiyarta gaban kowa na ce, "Ramukanki sun fi nawa kyau. Ko ina da ƙarfina ban haƙa irin su ba." Maganar ta yi mini nauyi a baki fiye da dutse. Ta rufe fuska da gefen zane, ta daɗe haka. Maƙwabciyata ta ce a kawo mata ruwa, yau ta ji abin da ba ta taɓa ji ba.

Bayan magariba na kira ta, na gaya mata gaskiya. Na ce ɗana ban san ko shina raye ba, ba zan ɗaure ta da jiran abin da ni kaina ban da tabbas ba. In ta zaɓi gidansu hanya buɗe take, kuma hatsin nata ne, a loda mata a amalanke. Na ce amma ni ina son ta zauna, ba don fako ba.

Ta tsince ƙaiƙayi daga kan ɗiyarta. Sannan ta ce, "Ina so, Inna. Sai dai ba zan iya musa ma uwata ba."

Da gari ya waye na sa ta hau ta fiddo mini dami guda, mafi girma. Na sa anka ɗaure shi bayan kabu-kabu, babur ɗin haya, ni da ban taɓa yarda in hau abin nan ba, na ce ma mai tuƙi ya bi a hankali. Na nufi Tabotaki in nuna ma uwar aikin ɗiyarta, in roƙe ta da bakina ta bar mini ita.