Ɗinyar da Ta Jira Rabaran

Malam Nata'ala yana da shekara saba'in da ɗaya, arba'in da uku daga ciki ya yi su yana mai bishara a Unguwar Gide, wani ɗan ƙauye da ke bayan Yargoje a ƙasar Ƙanƙara. Ba a taɓa keɓe shi fasto ba. A tsarin ikilisiyarsu, mai bishara yana wa'azi, yana gaida marasa lafiya, yana binne matattu, amma ba ya baftisma, ba ya kuma ba da Jibin Ubangiji. Wannan sai Rabaran ya zo daga gari. Aikin Malam Nata'ala shi ne ya share majami'a, ya fito da ƙoƙon jibi daga akwati ya goge, ya tsaya daga gefe.

Abin da ake zubawa a ƙoƙon kuwa matarsa Rahila ke yi. Tun farkon zuwansu babu inda za a sami ruwan inabi, sai ta koma ga abin da ta iya, wato maɗin ɗinya. Ana tsinko ɗinyar tana kore, a haƙa rami a shimfiɗa ganye, a zuba ta a rufe da toka. Kwana bakwai zuwa takwas ta yi baƙi ta yi laushi. Ran Asabar Rahila ta murje ta a ruwa, ta tace, ta dafa shi tsararo. Irin wannan ba ya kwana biyu bai yi tsami ba, don haka ba ta hura wuta sai ta tabbata mai ba da jibin yana tafe.

Rabaran ɗin da ke kan gundumarsu yanzu, Ɗanlahadi, a Unguwar Gide aka haife shi. Maraya ne, a zauren Malam Nata'ala ya koyi karatu. A shekarar 1994 majalisar gunduma ta ba ƙauyen gurbi ɗaya a makarantar fastoci, da sunan Malam Nata'ala. Ya duba, in ya tafi shekara huɗu babu mai riƙe ikilisiya, sai ya roƙa a sa Ɗanlahadi. Duk zangon karatu Rahila ce ke surfa hatsi a kai masa. Ranar da Ɗanlahadi zai tafi, ya durƙusa a ƙofar gida ya ce, “Baba, in na fito, ni da kaina zan tsaya a keɓe ka.” Da ya fito aka ce ba a keɓe kowa sai mai takardar shaida. Malam Nata'ala bai sake ta da maganar ba.

Sai ga fitinar ɓarayin daji. Majami'ar da ke cika har a shimfiɗa tabarmi a waje ta rage saura mutum tara, yawancinsu tsofaffin da suka ce ba su da inda za su je. Shekara uku Rabaran bai taka ƙauyen ba, shekara uku ba a sha jibi ba. Babbar cikin taran, Goggo Dada, ta haura tamanin, tun bazara take kwance. Ita ce mace ta farko da ta bar tsafin gidansu ta bi Malam Nata'ala. Duk ranar da ya je gaishe ta magana ɗaya take yi.

“Malam, yaron nan naka ba ya zuwa ne? Ni fa ƙoƙon nan nake jira. In na sha, sai in kama hanya.”

“Zai zo, Goggo.”

“Haka ka ce mani bara. Ko sai na mutu ya zo cin tuwon makoki?”

Cikin watan Satumba ya hau tudun bayan gari inda waya ke kamawa, ya kira. Rabaran ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi jikin Mama, ya ce Lahadin godiyar kaka yana nan tafe da yardar Allah, a shirya komai. Malam Nata'ala ya sauko yana sauri kamar saurayi. Washegari shi da Rahila suka tsinko ɗinya kwando biyu suka binne.

Asabar ta farko Rabaran ya ce wani taro ya taso, sai mako mai zuwa. Aka bar ɗinya a rami. Asabar ta biyu wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Duk da haka ran Lahadi mutum takwas suka sa kayansu masu kyau suka zauna har rana ta karkata, kowane ƙarar babur sai an leƙa. Ran Juma'a Kabir mai acaba, maƙwabcinsu Musulmi da ke shiga gari, ya kawo takarda daga ofishin gunduma.

Takardar gajera ce. Ta ce bisa rahoton da Rabaran, shugaban gunduma, ya gabatar, babu sauran masu bi a Unguwar Gide, don haka majalisa ta rufe tashar bisharar. Ta gode wa mai bishara, ta sallame shi ya huta. Ta ce a mayar da ƙoƙon jibi da farantinsa ofis. Malam Nata'ala ya karanta sau biyu, sannan ya duba kwanan watan zaman majalisar. Sha huɗu ga Yuli. Wato ranar da Ɗanlahadi ke ce masa a shirya komai, wata biyu ke nan da ya sa hannu cewa babu kowa.

Asabar da safe ya tone ramin da kansa. Warin da ya taso ya sa shi ja da baya. Ɗinyar ta wuce nuna, ta sama ta fashe tana tsatsafa, ƙananan ƙudaje sun rufe ta.

Rahila ta leƙo ta toshe hanci. “Kai, Malam! Wannan ai warin randar giyar babanka ne. Kwashe ka kai wa awaki.”

“Miƙo mani ƙwarya biyu.”

“Ka yi me da su? Mai ba da shi ya ce ba mu nan.”

“Miƙo dai.”

Ya zauna a kan turmi yana tsince ta ɗaya bayan ɗaya, wadda ta ruɓe gefe, wadda ta saura gefe. Aiki ne na hannu, ba ya hana tunani. Ya tuna shekarar da ya shigo ƙauyen a kan keke, dattawa suka ba shi fili kusa da juji don su ga ko zai zauna. Ya tuna buga tubalin majami'ar, da shekarar ƙyanda da ya binne yara shida cikin mako guda, na biyar ɗinsu nasa ne. Lokacin da mutane ke ɗaure kaya suna komawa Ƙanƙara da Funtua, ɗansa ya zo da mota har ƙofar gida, shi kuwa ya ce masa ba zai bar tsofaffi su yi Lahadi su kaɗai ba. Ba sallamar ce ta ƙona masa rai ba, ya san ƙarfinsa ya ragu. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne “babu sauran”. Cikin taran nan akwai wadda ta goya Ɗanlahadi ranar da aka binne uwarsa, ita ce Goggo Dada.

Daga kwando biyu, abin da ya tsira bai cika ƙwarya ɗaya ba. Ya wanke, ya murje, ya tace a rariya. Rahila ta tsaya tana kallonsa, sannan ta karɓi tukunyar ta ɗora a murhu. Sai da ya fara tafasa ta yi magana.

“Wa zai ba da shi?”

“Ni.”

“Shekara arba'in da uku kana hana kanka. Ka san abin da za su ce.”

“Wa zai kai masu labari? Sun ce babu kowa a nan.”

“To burodi fa?”

“Ki yi wainar gero, kar ki sa yisti.”

Ran Lahadi ba a shiga majami'a ba. Aka taru a ɗakin Goggo Dada, wasu a bakin ƙofa don ɗakin bai ɗauke su ba. Malam Nata'ala ya fara da karanta masu takardar duka, har da kwanan watan, ya ce shi ba Rabaran ba ne, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba kar ya karɓa. Wani dattijo, Baba Mati, ya ce shi kam zai jira na keɓaɓɓe, ya koma gefe ya naɗe hannu. Ba a yi masa musu ba. Malam Nata'ala ya kakkarya wainar, ya faɗi kalmomin da ya saba ji daga gefe. Ya zuba maɗin a ƙoƙon. Rahila ta tallafo kan Goggo Dada, tsohuwar ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

“Ya ɗan yi tsami, Malam.”

“Ya daɗe yana jira ne, Goggo.”

“To ni ma haka,” in ji ta, ta miƙo baki ta ƙara.

Ya wanke ƙoƙon ya goge, ya mayar da shi akwati, ya tura ƙarƙashin gado. Washegari Litinin ya juya takardar majalisa, ya rubuta sunayen mutum taran a bayanta, na Goggo Dada a sama, na Baba Mati na biye. Ya linke ta ya ba Kabir, ya ce kar ya bar ta a ofis, ya sa ta a hannun Rabaran.