Wa Ya Yage Takardar da Baba Nassirou Ya Karanta?

Kai mai karatu, in aka manna takardar Turanci a ƙofar gidan da 'ya'yanka ke kwana, wa kake kira ya karanta maka? Mu a layinmu, bayan titin jirgi a Agege, Baba Nassirou mai shayi muke kira. Yanzu babu shi. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ya rasu ranar Talata, 17 ga Yuni, da hantsi, lokacin da bangon gidan benen da yake haya ya rufto ana tsaka da ruwa.

Baba, Balarabe ne, wanda kake cewa bakinsa ya fi butar shayinka zafi. Aji huɗu na tsaya a boko, sauran karatuna a jaridun naɗe tsire na tsinto shi, don haka na ɗauki kaina malamin layi. Ranar da na fara ganin ka riƙe da waya kana maimaita abin da wata murya ke faɗa, dariya na yi har na ƙware.

Manhajar koyon Turanci ce ta kyauta, 'yarka Mouna ta saka maka. Manhajar ba ta jin Hausa, amma tana jin Faransanci, kai kuma ka yi lakwal, bokon Faransanci, shekara biyar a Tawa ta Nijar. Da wannan ka lallaɓa. Kullum bayan azahar, in ciniki ya lafa, sai ka zauna minti ashirin. Masu okada su tsaya:

"Baba, yau me Baturiyarka ta ce?"

"Ta ce giwa tana shan madara."

"To haɗa mata da burodi mana!"

"Ku yi ta dariya, 'ya'yana. Ranar da takarda ta zo za ku neme ni."

Mun kuwa neme ka. Kai ka hana Amadou mai gadi dangwala hannu a takardar aikin da ba ta ba shi hutu ko na yini ɗaya ba. Kai ka nuna wa Bilkis cewa maganin jaririnta rabin cokali ne, ba cokali biyu ba. Ba ka taɓa karɓar ko godiya da hannu biyu ba, sai ka ce, "Ni ma kyauta na samu."

A watan Mayu ma'aikatan gwamnati suka zo suka yi wa gidanku jan fenti, suka manna takarda. Ni na fara karanta ta, da sauri, da ƙarfi, don a san na iya. Rabin kalmomin ban san su ba, amma girman kai ya hana ni faɗa. Na ce barazana ce irin ta kullum. Kai ka ɗauki hotonta, ka yi kwana biyu kana bin ta kalma kalma, sannan ka ce gidan ya tsage tun daga tushe, an ce kowa ya fita cikin kwana bakwai.

Ejan ɗin mai gida ya zo ya ce, "Turancin waya ne wannan, oga ya san da maganar." Dattawan haya suka ce ai al'adarmu ba a kai magana waje sai sun zauna. Suka zauna, suka sha shayinka, suka tashi. Washegari babu takarda, an shafe jan fentin da sabon shuɗi.

Ba ka yi zagi ba, Baba, da ni ne da na yi. Ɗaki ɗaki ka bi kana nuna hoton, har ɗaki bakwai cikin goma sha ɗaya suka tashi. Ka kai iyalinka Abule Egba. Ran Talatar nan ka koma ne saboda tsohuwa Halimatu Sa'adiya, wadda ta ce ejan ya rantse mata babu komai. Ita ta fito. Kai ba ka fito ba.

Mouna ta ce har yau, azahar na yi, wayarka sai ta yi ƙara tana tuna maka lokacin darasi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya sa kowace kalma da ka karanta wa wani ta zame maka haske a kabari. Inna Balkissa uwargida, Mouna, da 'yan uwa na Tawa, Allah Ya ba ku haƙurin da ni na kasa yi. Ni kuma Ya yafe mini karatun ƙaryar da na yi.

Amma gidan da ke jikin naku, mai shi ɗaya ne da naku, shi ma shuɗin fenti ne a kan ja, kuma daren jiya yara sun kwana a ciki. Damina ba ta ko raba ba. Hoton takardar yana nan. Ran Juma'a, in an sallame, zan tsaya a ƙofar masallaci in karanta shi da Hausa, a hankali, yadda ka fassara. Ejan da dattawan haya, ku zo ku tsaya kusa da ni, ku amsa a gaban jama'a: hannun wa ya yage takardar, kuma wa ya sayo fentin?